Daga safarar barasa zuwa filin tsere: tarihin tseren motoci a kan jar ƙasa a Amurka

Wanda ya ga tseren motocin NASCAR a talabijin, da filayensa masu kwalta da tallan manyan kamfanoni a jikin kowace mota, da wuya ya yarda cewa wannan wasa ya samo asali ne daga ƙananan filaye na jar ƙasa, a hannun talakawan da hukuma ke nema ruwa a jallo. Tsere ne na motocin gida, irin waɗanda kowa ke iya saye ya ɗauki iyalinsa, kuma jihohin kudu maso gabashin Amurka, wato Jojiya da Birjiniya da Karolina ta Arewa da ta Kudu, su ne mahaifarsa.

Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta yin barasa da sayar da ita a duk faɗin Amurka. Manoman tsaunukan Apalashiya kuwa sun daɗe suna dafa barasa da masara, domin masarar da ba ta da daraja a buhu tana kawo kuɗi in ta shiga kwalba. Ko da aka janye dokar, sana'ar ba ta mutu ba, saboda gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi, gundumomi da yawa sun ci gaba da haramcin, ga kuma talaucin shekarun 1930. Samari ne ke ɗaukar kayan cikin dare, misali daga Dawsonville zuwa birnin Atlanta, tafiyar kimanin kilomita 90, jami'an haraji na biye da su.

Wannan sana'a ita ta haifi motar tsere. A 1932 kamfanin Ford ya fito da inji mai silinda takwas a kan kuɗin da talaka zai iya. Makanikai, irin su Red Vogt na Atlanta, sukan ƙara wa injin ƙarfi, su cire kujerar baya, su ƙarfafa sifirin ɗin baya don kada nauyin kaya ya dusar da motar har asiri ya tonu. Daga waje kuwa a bar ta yadda take, tamkar motar mai zuwa kasuwa.

Inda samari suka taru da irin waɗannan motoci, gardamar wa ya fi wa gudu ba ta rasuwa. Aka fara gwadawa a makiyaya, daga nan aka koma filayen sukuwa na wuraren baje kolin amfanin gona. A watan Nuwamba na 1938 aka yi babban tsere a Lakewood, wani filin sukuwa mai kewayen mita 1,600 a Atlanta, inda Lloyd Seay, mai safarar barasa, ya yi nasara da motar Raymond Parks. Ranar 1 ga Satumba 1941 ya sake cinyewa a wannan fili. Washegari wani ɗan'uwansa ya harbe shi har lahira a kan rigimar kuɗin sukarin dafa barasa. Yana da shekara 21.

Yaƙin duniya na biyu ya sa an dakatar da tsere a 1942 don tattalin mai da roba. Da aka gama yaƙi, filaye suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, yawancinsu masu kewayen mita 800 ko ƙasa da haka. A 1947 aka buɗe na Martinsville da na North Wilkesboro. Na biyun ma ba a daidaita shi ba: gefe guda gangara, ɗaya gefen hawa. Kafin tsere akan yayyafa ruwa, amma bayan ƴan zagaye ƙasar ta bushe, ramuka su buɗe, ƙura ta turnuƙe har ƴan kallo su koma gida jajaye. A kwana direba yakan bar gindin motar ya zame, ya riƙe ta da totur da sitiyari, dabarar da ya koya a hanyoyin tsauni. Wasu da igiya suke ɗaure kansu a kujera.

Babbar matsalar ita ce rashin tsari. Kowane fili da dokarsa, kuma ba sau ɗaya ba mai shirya gasa ya kwashe kuɗin ƙofa ya gudu tun motoci na kan zagaye. Bill France, makaniki da ke shirya tsere a bakin tekun Daytona ta jihar Fulorida, ya tara direbobi da masu motoci a otel ɗin Streamline ranar 14 ga Disamba 1947. Daga wannan taro aka kafa ƙungiyar NASCAR a watan Fabrairu na 1948, kuma Red Vogt ne ya raɗa mata suna.

Ranar 19 ga Yuni 1949 ƙungiyar ta gudanar da tserenta na farko na motocin da ba a taɓa musu komai ba, a filin ƙasa na Charlotte mai kewayen mita 1,200, zagaye 200. Motoci 33 suka shiga, cikin direbobin har da mace, Sara Christian. Glenn Dunaway ne ya fara isowa, amma da aka duba motarsa aka tarar an gyara sifirin ɗin baya irin na masu safarar barasa, sai aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper. Tun ranar farko, ke nan, ƙungiyar ta hukunta dabarar da ta haifi wasan, domin burin France shi ne ya jawo iyalai da kamfanonin motoci.

Duk da haka, jar ƙasa ta ci gaba da fitar da gwanaye. An kama Junior Johnson a 1956 a madafar barasar mahaifinsa, ya yi wata 11 a kurkuku, ya fito ya kammala nasara 50 a babbar gasa. Wendell Scott, baƙar fata daga Danville wanda shi ma ya yi safarar, ya ci tseren Jacksonville ranar 1 ga Disamba 1963, zamanin wariyar launin fata, amma aka sanar da Buck Baker. Sai bayan ƴan kallo sun watse aka amince da nasararsa, kofin kuwa sai a 2021 ƙungiyar ta miƙa wa iyalinsa, shekara 31 bayan rasuwarsa.

A 1950 aka buɗe filin Darlington mai kwalta. Aka shimfiɗa ta a Martinsville a 1955, sannan aka buɗe katafaren filin Daytona a 1959. Ranar 30 ga Satumba 1970 Richard Petty ya ci tseren Raleigh, kuma daga nan babbar gasa ba ta sake taka ƙasa ba sai a 2021, lokacin da aka zuba jar ƙasa a kan filin Bristol, abin da aka daina bayan 2023. Ƙananan filayen karkara kuwa har yanzu suna tara jama'a daren Asabar.

Ƙungiyar ta yi shekaru tana kawar da kai daga zancen barasa. Amma da aka buɗe gidan tarihinta a Charlotte a 2010, cikin kayan da aka baje har da tukunyar dafa barasa, wadda Junior Johnson ya haɗa da hannunsa.