Sha-kauci da kolibiri: tarihin wani ruɗani

A gindin duwatsun Mandara, inda garin Mora yake, akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙyalli da ke zuƙar zaƙin furanni. Bahaushe ya raɗa musu suna sha-kauci, saboda yawan zuwansu ga furen kauci, tsiron nan da ke tofowa a reshen wata bishiya. Masu jin Faransanci a Kamaru sukan kira su kolibiri, kuma ɗalibi mai fassara yakan ɗauka sunayen biyu na tsuntsu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kolibiri na ainihi, mai nau'i sama da 350, a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa.

Ruɗanin ya daɗe. A shekarar 1758 masanin nan na Suwidin, Linnaeus, ya ware wa kolibiri rukuninsa. Da ya zo kan sha-kaucin Senegal a 1766 kuwa, sai ya cusa su cikin tsuntsayen Turai masu hawan kututture, don kawai bakinsu siriri ne mai lanƙwasa. Sai a 1811 Illiger ya ba su nasu rukunin. Duk da haka masana da dama sun ci gaba da jera su kusa da kolibiri, domin ido yana ganin kama: ƙaramin jiki, dogon baki, gashi mai walƙiya. Hausawa dai sun ce kama da wane ba wane ba ne. Waɗanda suka duba ƙashi, irin su Huxley a 1867, da Wallace da ya ƙarfafa batun a 1878, sun nuna cewa dangin kolibiri na kusa wani jinsin tsattsewa ne mai wuni a sararin sama. Sha-kauci kuwa cikin tsuntsaye masu waƙa yake. Abinci ɗaya ne ya ƙera su a siffa ɗaya.

A dazuzzukan hazo na tsaunukan Andis, baki ne ke raba nau'in kolibiri: wani bakinsa ya fi gangar jikinsa tsawo, wani nasa kamar lauje, kowanne da furen da ya dace da shi. A Mora, inda hazon na hunturu ne mai ƙura, launi da wutsiya sun fi saurin bambanta mazan. Akwai kore mai jan ƙirji da doguwar wutsiya. Akwai mai duhun jiki da jan ƙirji, wutsiyarsa gajere. Akwai kuma ɗan ƙarami mai rawayan ciki da guntun baki, wanda yake sheƙa da rani. Matan kam, sai gwani.

Bambancin da littattafai suka fi riƙewa shi ne na tashi: kolibiri yana tsayawa cak a iska yana sha, har ya koma da baya, sha-kauci kuwa sai ya sami reshen sauka. A 2011 masu bincike daga ƙasar Cek, ƙarƙashin Janeček, sun raunana wannan ƙa'ida. A dazuzzukan tsaunukan Bamenda, can kudu maso yammacin Mora da nisa, sun tarar da sha-kaucin da Reichenow ya bayyana tun 1892 yana yawan tsayawa a iska gaban wani jan fure mai lilo a dogon sili, wanda bai bar masa wurin sa ƙafa ba.