Haƙƙin Baƙo Yana Wuyan Mai Gida

 Yau za mu taɓo zancen da ba a cika son yi a fili ba: abin da ake sha a wurin biki.

Mu koma baya. Bayan jihadin 1804, Maguzawan ƙasar Katsina sun ci gaba da al'adunsu suna biyan jiziya, kuma giyar dawa na cikin al'adun. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami. Ranar gayya ko bikin aure ake fito da ita, a bainar jama'a, ga tuwo, ga dattawa zaune. Kowa ya san gidan wa aka sha.

Da Turawa suka zo, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta sa aka hana shigo da barasa mai ƙarfi Arewa. A shekarar 2000 kuma, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina ta ƙaddamar da shari'a. Addininmu ya haramta giya, wannan ba abin jayayya ba ne.

To amma maye ya tafi? Ina! Buya kawai ya yi. Ya bar ƙwarya ya koma robar lemo. Sai da BBC ta fallasa cinikin kodin a 2018 kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi.

Yanzu Dutsin-Ma garin ɗalibai ne, musamman tun kafa jami'ar tarayya a 2011. Ana fatin gama karatu, ana na abokan ango. Mai taron sai ya ce, "Ni dai ban raba komai ba." Ɗan'uwa, kai ka tara su. Idan wani ya sha abin da ya sha, ya hau babur da tsakar dare zai koma Kurfi, wa iyayensa za su fara tambaya?

Don haka in taro naka ne, san abin da ke shigowa. Ka ba mutane abinci da ruwa, a tashi da wuri. Wanda ka ga yana layi, karɓe makullin babur ɗinsa, ya kwana a gidanka. Gara ya yi fushi da kai gobe da ka je gidansu ta'aziyya.

Ku faɗa mana yadda abin yake a unguwarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.