Burkutu a Kudancin Kano

Burkutu giya ce mai kauri da ake dafawa da tsiron dawa. A kudancin ƙasar Kano, daga Bebeji da Kiru da dajin Ɗansoshiya har zuwa Tudun Wada da Doguwa, sana'a ce ta matan Maguzawa tun kaka da kakanni. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, dawa tana yi sosai, shi ya sa ba a rasa ta zubawa a tukunyar giya bayan an ware ta tuwo.

Aikin yakan ci kusan mako guda. Da fari a jiƙa dawa, a baza ta a inuwa, a rufe, ana yayyafa mata ruwa har kwana uku ko huɗu ta fid da tsiro. Sai a shanya ta, a niƙa, a dama da ruwa, a ɗora a wuta. A sauke a bar ta ta kwana ta yi tsami, kashegari a sake tafasa ta na sa'o'i. Tafasar nan ta biyu ita ke bambanta gwana da 'yar koyo, domin gwargwadon yadda ruwan ya ƙone, gwargwadon kauri da zaƙi da ƙarfin giyar. Idan ta huce sai a zuba mata ragowar tsohuwar giya, ta tashi tana kumfa. Dusar kuwa ta dabbobi ce.

Launinta ja-ja ne mai duhu, musamman in jar dawa aka yi amfani da ita. Tana da zaƙin tsiro da tsami da ɗan ƙaurin itace, tana kuma cika ciki kamar kunu. Ba a tace ta sosai irin yadda ake tace giyar fito, kuma babu furen nan mai ɗaci da Turawa ke sa wa giyarsu don ta jure ajiya. Saboda haka kwana biyu zuwa uku ta lalace. Wannan ne ya sa ta zama abin shan taro: gayyar noma, bikin aure, makoki, ranar kasuwa da wajen tsafi, inda ake zuba wa iskoki rabonsu.

Bayan masu jihadi sun karɓi Kano a 1807, an bar Maguzawa da al'adunsu suna biyan jiziya, shan giya kuma ya zama alamar da ke raba su da maƙwabtansu Musulmi. Turawan da suka ci Kano a 1903 sun hana shigo da barasar Turai zuwa Arewa bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, abin da ya bar wa burkutu kasuwar ƙauye. Kishiya ta zo mata daga baya, musamman da aka buɗe kamfanin giyar kwalba a Kaduna a 1963.

Abin da ya fi karya sana'ar dai sauyin addini ne. Maguzawa da yawa sun musulunta, wasu sun bi 'yan mishan, waɗanda su ma ba sa ga-maciji da giya. A shekarar 2000 Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a 2003 aka yi dokar kafa Hukumar Hisba. Yau sayar da burkutu laifi ne a dokar jihar.