Faifan Mono Da Na Sitiriyo: Wanne Ya Fi Daɗin Amo?

Wani mai saurarenmu daga Zandam, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, ya aiko da takarda yana cewa ya gaji faya-fayan garmaho, wasu mono, wasu sitiriyo. Shin wanne ya fi?

To malam, sai ka gyara zama. Emile Berliner ne ya ƙago faifan garmaho a Amurka cikin 1887. Faya-fayan farko duk mono ne, watau murya da kiɗa hanya ɗaya suke bi, allura kuma gefe da gefe kawai take kaɗawa. A 1931 wani injiniyan kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya gano dabarar ɗora amo biyu a layi guda na faifai, bangon hagu da nasa, na dama da nasa. Amma sai wajen 1958 sitiriyo ya bazu a kasuwa.

Sitiriyo fili yake ba kunne. Ɗauki waƙa irin ta marigayi Mamman Shata. In an ɗauke ta da sitiriyo, za ka ji kalangai ta nan, 'yan amshi ta can, shi kuma a tsakiya. Amma mawaƙi irin marigayi Ɗan Maraya Jos, daga shi sai kuntiginsa, me za a raba wa lasifika biyu? A nan mono ba ya rage komai. Ga shi in an saurare shi da allurarsa, ƙaraf-ƙaraf ɗin tsufa yakan ragu, don wani kaso na wannan hayaniya daga motsin sama da ƙasa yake fitowa.

Akwai kuma sitiriyon jabu. Cikin shekarun 1960 kamfanoni sun riƙa tsaga tsohon ɗaukan mono gida biyu da na'ura don ciniki. Irin wannan, gara monon asali.

Saboda haka kowane faifai ya fi daɗi a yadda aka ɗauke shi tun farko.

Sai dai a yi hattara. Allurar sitiriyo tana bin faifan mono lafiya lau, amma tsohuwar allurar mono ba ta lanƙwasawa sama da ƙasa, sai ta kankare layin sitiriyo. Allurar ƙarfe ta garmaho mai wani da hannu kuwa, ta faifai mai juyi 78 ce kaɗai, kada ta kusanci na roba mai juyi 33 ko 45. Ka jera su a tsaye, nesa da rana da ƙura, domin wata waƙar ba lalle a sake samun ta a wani wuri ba.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Zandam.