Tsara muhimman kalmomi a manhajar sa ido kan kira

Tsara muhimman kalmomi hanya ce da cibiyoyin amsa kiran waya ke bi wajen tattara kalmomi da jimloli rukuni-rukuni, domin manhaja ta riƙa gano su a cikin hirar ma'aikaci da abokin ciniki. Bankuna da kamfanonin sadarwa da na inshora su ne suka fi amfani da ita, saboda kiran da suke naɗa kullum ya fi ƙarfin a zauna a saurare shi duka. Daga cikin kamfanonin da suka shahara da irin wannan manhaja akwai NICE da Verint da CallMiner.

Yadda manhaja ke gano kalma

Akwai manyan hanyoyi biyu. Ta farko tana mayar da magana zuwa jerin ƙwayoyin sauti, sannan ta nemi wurin da ya yi daidai da furucin kalmar. Tana da sauri, kuma tana iya gano sunan da ba ya cikin ƙamus, amma takan ruɗe da kalmomi masu kama da juna. Kamfanin Nexidia, wanda NICE ya saya a 2016, ya yi suna da wannan hanya. Ta biyu kuwa tana rubuta hirar gaba ɗaya, sai a yi bincike a cikin rubutun. Rauninta shi ne duk kalmar da manhajar ba ta sani ba, takan maye gurbinta da wata.

Rukunonin kalmomi

Ana kasa kalmomi gwargwadon abin da ake son sani. Rukunin ƙorafi yana ɗauke da maganganu irin su “an cire mini kuɗi”. Rukunin barazanar barin kamfani yana ɗauke da “zan rufe asusuna” da sunayen abokan gogayya. Akwai kuma rukunin bin ƙa'ida, wanda ke duba ko ma'aikaci ya yi gaisuwa, ya kuma sanar da cewa ana naɗar kiran.

Kowane rukuni yana da sharuɗɗa: wa ya furta kalmar, a wane sashe na kiran, da kuma kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. Wannan ne ke raba “na gamsu” da “ban gamsu ba”. Idan jerin ya yi faɗi da yawa, manhaja za ta kawo kiran da ba su da alaƙa da batun. Idan ya yi ƙunci, na gaskiya za su kuɓuce mata. Shi ya sa masu duba inganci ke sauraron samfurin kira lokaci-lokaci suna gyara jerin.

Matsalolin harshe

Kamfanonin sadarwa a Najeriya suna amsa kira da Hausa, kuma harshen na da siffofin da ke wahalar da wannan aiki. Karin sauti ne ke bambanta “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, tsawon wasali kuma ke raba “gari” na zama da “gari” na tuwo, alhali rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Aikatau guda yana da siffofi da dama, kamar cire da cira da cirewa da ciccire, kuma dole a shigar da su duka. Haka ma bambancin karin harshe, kamar “kuɗi” da “kuɗɗi”, da surka Hausa da Turanci a jimla ɗaya.

Doka da sirri

Muryar da aka naɗa tana cikin bayanan sirri na mai ita. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018, Najeriya kuma ta samu tata a watan Yunin 2023. Ƙa'idojin katin banki sun hana adana lambar tsaro ta bayan kati da zarar an kammala ciniki, don haka akan dakatar da naɗi ko a shafe wannan sashe. Sannan tun da sakamakon manhajar na shiga cikin auna ƙwazon ma'aikata, jeri mara kyau na iya jawo wa ma'aikaci hukunci kan laifin da bai yi ba.