Ladak: yadda ake ratsa duwatsun Himalaya da ƙananan dawakin kaya

A can ƙuryar arewacin Indiya, tsakanin duwatsun Himalaya da na Karakoram, akwai wani yanki da ake kira Ladak. Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, baƙi daga Turai da Amurka da Japan da manyan biranen Indiya kan je can su yi tafiyar ƙasa ta kwana shida, ko goma, wani lokaci har mako uku, suna kwana cikin tanti a wuraren da babu gari balle kasuwa. Su mutanen da ƙafa suke tafiya. Kayansu kuwa yana bisa ƙananan dawaki, irin waɗanda Bahaushe ke kira ƙuru. Baƙo ne ke biyan kuɗi, amma doki ne ke yanke inda za a yi zango, da lokacin da za a tashi, da nisan da za a ci a yini.

Hamada mai sanyi

Leh, babban garin yankin, yana bisa tsayin mita 3,500 daga teku. Wuri mafi tsayi a duk Nijar, wato ƙololuwar dutsen Bagazam a Abzin, mita 2,022 ne. Ke nan mai sayen albasa a kasuwar Leh ya ɗara wanda ya hau kan Bagazam da kusan mita 1,500, alhali bai ma fara hawan komai ba.

Duwatsun Himalaya sun tare hadarin daminar Indiya, shi ya sa ruwan saman da Leh ke samu a shekara bai wuce milimita 100 ba, kusan kamar na Agadas. Ƙasa ce ta tsakuwa da faƙo, sai ɗan tsanwa a bakin rafi, inda ake noman sha'ir da alkama da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga bisa. Ciyawa kaɗan ce, kuma kowane tsiro da mai shi.

A ƙidayar 2011 mutanen Ladak sun kai kimanin 274,000. Musulmi sun fi yawa a ɓangaren Kargil, mabiya addinin Buda kuma a ɓangaren Leh. Sai a 1974 gwamnatin Indiya ta buɗe yankin ga baƙi ƴan yawon buɗe ido, kuma a 2019 aka raba shi da Jammu da Kashmir, ya koma ƙarƙashin gwamnatin tsakiya kai tsaye.

Gadon fatake

Sana'ar hayar doki ta girmi yawon buɗe ido nesa ba kusa ba. Leh tsohon zangon fatake ne. Ayarori kan taso daga Yarkand, a ƙasar Sin ta yanzu, su ƙetare mashigar Karakoram mai tsayin sama da mita 5,500, tafiyar kusan wata guda, har da maniyyata da ke neman tashar jirgin ruwa ta Bombay don zuwa Makka. Daga gabas ake kawo gashin akuyar pashmina da gishirin tafkuna, a musanya da sha'ir, kamar dai yadda gishirin Bilma ke haɗuwa da geron Damagaram. Hanyar Yarkand ta mutu bayan 1949, ta Tibet kuma ta rufe gaba ɗaya bayan yaƙin Indiya da Sin na 1962. Da baƙi suka fara zuwa, masu dawaki suka sami sabon kayan ɗauka.

Dokin da kayansa

Dokin da aka fi yabo a can shi ne na Zanskar. Gajere ne, tsayinsa a doro tsakanin santimita 120 da 140, mai faɗin ƙirji da kaurin gashi da ƙarfin kofato. Wanda ya saba da dokin hawan salla zai raina shi a ganin farko. Sai dai shi ba don sukuwa aka yi shi ba: yana bin hanyar da faɗinta bai wuce taku biyu ba a gefen rami, yana jure sanyi da yunwa, kuma yana aiki a tsayin da dokin ƙasa-ƙasa zai tsaya yana haki. Asalin irin ya ragu ƙwarai, don haka yawancin dawakin da ake gani a hanya gauraye ne, akwai kuma alfadarai da jakuna. Masu dabbobin ma ba duka ƴan Ladak ba ne. Da yawa daga wajen Manali da Kullu suke tasowa, su yi kwanaki suna koro dabbobinsu kafin su iso wurin aiki.

Kayan doki ɗaya kan kama daga kilo 40 zuwa 60, wato kusan buhun siminti guda. Ana shimfiɗa barguna a baya, a ɗora akumari na katako, a rataya kaya gefe biyu a ɗaure da igiya. Duk gwanintar tana wurin daidaita nauyi. In gefe ɗaya ya rinjaya, akumari zai goge fata ya buɗe miki, kuma dokin da ya yi mikin baya a tsakiyar lokacin aiki asara ce ta shekara ga mai shi. Shi ya sa mai doki kan ɗaga kowace jaka da hannu ya auna ta kafin ya yarda, kuma ba ya son akwati mai kusurwa. Jaka mai laushi yake so.

Ba abin mamaki ba ne a ga baƙi huɗu da dawaki bakwai ko takwas. Ban da jakunkunansu akwai tantunan kwana, da tantin girki, da na cin abinci, da tukwane, da kananzir ko gas, da shinkafa da gari da wake da ƙwai da kayan miya na dukan kwanakin. Tare da su akwai jagora, da kuku da yaronsa, da mai doki ɗaya ko biyu. Ana biyan haya kan kowane doki a kowace rana, kuma sau da yawa har da kwanakin komawa gida ba kaya. Wannan shi ne abin da baƙi suka fi yin gardama a kai, duk da cewa doki ba ya daina ci don an sauke masa kaya.

Yadda yini ke tafiya

Da yamma, in an sauke kaya, ba a ɗaure dawaki a turke. Sakinsu ake yi su hau gangare neman ciyawa, da ƙararrawa a wuyan wasu. Tun da asuba mai doki ke fita cikin sanyi yana bin ƙarar, wani lokaci ya yi awa biyu kafin ya tattaro su, kuma kullum da fargabar kyarkeci ko damisar ƙanƙara. In bai dawo ba, ba mai motsawa.

Baƙi kan riga tashi, kowa da ƴar jakar goyo mai ruwa da abincin rana da rigar sanyi. Ayarin kan biyo baya, ya cim musu kafin azahar, ya wuce, ya kafa tantuna kafin su iso. Akwai doka ɗaya da kowane jagora ke nanatawa: in an ji ƙararrawa a ƙunƙuntar hanya, a raɓe ta gefen dutse, kada a tsaya ta gefen rami, domin dokin bai san faɗin kayan da ke bayansa ba.

Ana cin awa biyar zuwa bakwai a yini, amma ba ƙarfin baƙo ke ƙayyade zango ba. Sai inda ruwa da makiyaya suka haɗu. Haka kuma ƙetare rafi da lokacinsa: ruwan daga ƙanƙara yake, da safe yana gwiwa, da la'asar in rana ta narkar da ita sai ya kai ƙugu yana mirgina duwatsu. Wanda ya makara sai ya kwana a wannan gaɓar.

Ba a hura wutar itace, don babu itacen, kuma kashin dabbobin da ke warwatse makamashin mutanen ƙauye ne na hunturu. A irin wannan tsayi ruwa na tafasa tun bai kai digiri 90 ba, don haka wake ba ya nuna sai a tukunyar tururi mai kulle. Abincin hanya galibi ba nama, abin da ke sauƙaƙa wa Musulmin matafiyi batun yanka. A gidajen ƙauye ana ba baƙo shayi mai gishiri da man shanu, da garin soyayyen sha'ir da ake kira tsampa. Ana kuma miƙa wani abin sha mai suna chang. Wannan giya ce.

Kwarin Markha

Hanyar da ta fi suna ita ce ta kwarin Markha, cikin gandun dajin Hemis da aka kafa a 1981. Tsohon tsarinta kwana bakwai ne zuwa takwas. Ana tashi daga Spituk kusa da Leh, a ƙetare Ganda La mai kusan mita 5,000 (kalmar la na nufin mashigar da hanya ke bi tsakanin kawunan duwatsu), a gangara zuwa Skiu. Daga nan a bi rafi ta ƙauyukan Markha da Hankar, ana wuce gonakin sha'ir da gidajen ibada da dogayen katangun duwatsu masu rubutun addu'a, waɗanda al'adar wurin ta ce a bar su a hannun dama. Nan da can akwai rumfunan shayi da aka yi da tsofaffin laimomin saukar kayan soja.

Zango mafi tsayi shi ne Nimaling, makiyaya ce a sama da mita 4,700, ƙarƙashin dutsen Kang Yatse mai mita 6,400. Ko a watan Agusta ruwa kan daskare a buta da dare. Washegari a hau Kongmaru La, kimanin mita 5,200, sannan a sauka ta wani ƙunƙuntaccen kwazazzabo zuwa Shang Sumdo, inda mota ke jira.

Abin da ke kashe mutum

Babban haɗari ba faɗuwa ba ce, ƙarancin iska ne. A Leh kowane numfashi na ba jiki kusan kashi biyu cikin uku na abin da yake samu a bakin teku, a kan Kongmaru La kuwa ɗan sama da rabi. Ciwon tsayi kan fara da ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci. In aka yi taurin kai aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfi ko ƙuruciya ba su hana shi. Wanda ya sauka Leh ta jirgi, tafiyar awa ɗaya da ɗan kai daga Delhi, ana so ya huta awa 48 kafin komai. Likitoci na ba da shawarar cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Ƙwayar acetazolamide na taimakawa, amma maganin gaskiya shi ne sauka ƙasa nan take, ko da dare ne, kuma a nan ma doki ne motar asibiti. Mai amosanin jini, wato sikila ko emasi, wannan tafiya ba tasa ba ce, kuma ko mai ɗauke da rabin ƙwayar cutar yana iya samun matsalar saifa a irin wannan tsayi.

Sai ambaliya. A daren 5 zuwa 6 ga Agusta 2010 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Leh da kewaye, laka da duwatsu suka kashe fiye da mutum 200, har da baƙi. Tun daga nan jagorori masu hankali ba su kafa tanti a bakin busasshen kwazazzabo.

Neman agaji ma da wuya. Layin waya ba ya kaiwa yawancin kwaruruwa, kuma wayar Thuraya, wadda direbobin Tenere suka dogara da ita, haramun ce a Indiya ba tare da izini ba. An sha kama baƙi da ita a filin jirgi.

Ciyawa da kwalta

Rikicin da ba ya fitowa a hotunan baƙi shi ne na makiyaya. Abin da dawakin ayari suka cinye a Yuli, shi ne abin da tumaki da shanun ƙauye za su rasa a Janairu, haka ma tumakin dawa da damisar ƙanƙara ke farauta. Ƙauyuka na karɓar kuɗin zango, a wasu wurare dole mai doki ya sayi harawa. Tun farkon shekarun 2000, da taimakon ƙungiyar Snow Leopard Conservancy, aka fara tsarin saukar da baƙi a gidajen mutane bi da bi, kuɗin ya shiga hannun matan gida. Wanda ya bi wannan tsari a Markha yana iya tafiya da jakarsa kaɗai, ba doki ko ɗaya. Ƙauye ya samu, mai doki ya rasa. A 2020 kuma an rufe dutsen Stok Kangri, mai mita 6,153, saboda cunkoson masu hawa na gurɓata ruwan da ƙauyen Stok ke sha.

Hanyar mota ta fi komai rage wa doki aiki. Yanzu mota na shiga kwarin Markha ta wajen Chilling har ta wuce Skiu, kuma da yawa daga nan suke fara tafiya. Tsohuwar hanyar Darcha zuwa Padum a Zanskar, wadda ake yi wa kwana tara ko goma ta Shingo La, ta zama tafiyar yini guda a mota, kuma a watan Maris na 2024 aka haɗe ta da Nimmu kusa da Leh. Mutanen Zanskar, da a da ƙanƙara ke rufe su rabin shekara, sun daɗe suna roƙon wannan hanya. Masu dawaki kuwa sun matsa gaba, zuwa tudun Changthang, inda har yanzu ake yin mako guda daga Rumtse zuwa tafkin Tso Moriri, ana ƙetare mashigai da dama masu sama da mita 5,000, ba a gamuwa da kowa sai makiyayan Changpa da garkunansu.