Daga kukan modem zuwa *99#: yadda intanet ta iso Michika

Cikin dukan aikin haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya, saitin ne ya fi sauƙi. Mu da muka ci abinci da gyaran kwamfuta tsakanin Yola, Mubi da Michika a farkon shekarun 2000 mun san haka, ko da yake ba ma cika faɗa wa kwastoma ba. Minti goma ya isa a gama komai. Samun layin da za a jona shi ne jidalin.

Kwamfutocin lokacin yawanci Windows 98 suke ɗauke da ita. Za ka kawo modem, ko dai kati da ake cusawa cikin kwamfutar, ko ɗan akwati mai fitilu a gaba irin na US Robotics, wanda mu masu gyara muka fi yarda da shi. Ka zare igiyar tarho daga bango ka soka a bayansa. Sai ka buɗe wurin ƙirƙirar sabon haɗi, ka rubuta lambar da kamfanin intanet ya bayar, da sunan shiga, da kalmar sirri. Kana dannawa sai ka ji kwamfuta na buga lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai ƙara mai tsini, sai wani shuuu kamar an zuba ruwa cikin tafasasshen mai. Idan ya yi shiru, 'yan kwamfutoci biyu suka bayyana a ƙasan allo suna ƙyaftawa, to an shiga. A jikin kwali an rubuta 56k, amma duk wanda ya ga 33 ko 28 sai ya gode wa Allah.

In ba a shiga ba, Windows ta kan jefo lamba, mu kuma da lambobin nan muke hira. 691 na nufin an yi kuskuren suna ko kalmar sirri, ko kuma kuɗin mutum ya ƙare yana musu. 676, layi a cike yake. 678, can ɗaya gefen ba a ɗauka ba. Wadda ta fi cin rai ita ce 680, wato modem bai ji sautin layi ba. Wani lokaci layin ne ya mutu, wani lokaci kuma yana da rai, sautin ne ya yi rauni har na'urar da aka ƙera don layukan Amurka ba ta gane shi. Maganin wannan shi ne ka shiga wurin ƙarin umarni ka rubuta X3, ka ce wa modem ya buga kawai, kada ya tsaya saurare. A tsofaffin layuka kuma sai ka sauya salon bugun zuwa na tarho mai juyawa da yatsa. Waɗannan 'yan dabaru biyu sun sa an ɗauki da yawanmu injiniyoyi. Da damina kuwa, musamman a garuruwan gindin duwatsun Mandara, tsawa ɗaya ta isa ta biyo igiya ta ƙone modem. Shi ya sa gargaɗinmu na farko ga kowa shi ne, hadari na haɗuwa a zare waya.

To amma wa ke da layin? An kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, kuma har zuwa 2000 layukan da ke aiki a ƙasar nan ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga mutane kusan miliyan 120. Yawancinsu suna Legas da manyan birane. A yankinmu tarho kayan ofishin gwamnati ne, da banki, da gidan wani babban attajiri. Hukumar NCC ta ba kamfanoni 38 lasisin sayar da intanet a 1996, Linkserve ya fara aiki a 1997, sai dai lambobin da ake bugawa na can manyan birane ne. Mai layi a nan kiran nesa yake yi duk lokacin da ya shiga, ya biya kuɗin tarho, ya kuma biya kamfanin intanet. Saboda haka ba a zama lilo. Mutum zai rubuta wasiƙunsa a Outlook Express tun layi na kashe, ya jira dare, ya haɗa, su tafi, sababbi su sauko, ya yi maza ya katse.

Mutanen Michika 'yan kasuwa ne, babu birnin da ba ka samun Kamwe, wato ɗan Michika, da shagonsa, kuma ba su jira igiya ta zo ba. Abin da ya fara kawo wa talaka intanet a nan shi ne shagunan kafe masu faifan VSAT a kan rufi da janareta a bayan gida. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, da na Jami'ar Jihar Adamawa da aka buɗe a 2002, su ne suka riƙe kasuwar. Da WAEC da JAMB suka koma duba sakamako da katin kankarewa, sai ka ga yaro ya shiga mota daga Michika ko Bazza zuwa Mubi don takarda guda.

A ganina, ainihin bugun intanet da yawancin mutanenmu suka taɓa yi da hannunsu ta wayar salula ya zo. An yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kowanne dala miliyan 285, Econet da MTN suka fara aiki a Agusta, Glo ya biyo a 2003. Da sabis ya iso, aka kuma buɗe GPRS, sai muka gano tsohon iliminmu bai mutu ba. Ka jona Nokia da kebul, kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin modem, ka koma wurin ƙirƙirar haɗin nan dai na da, a gurbin lambar kamfani ka rubuta *99#, ka saka sunan mashiga da ake kira APN. Babu kuka, babu igiyar bango, amma lambobin kuskuren suna nan yadda muka san su. 'Yan modem ɗin USB da suka cika kasuwa bayan lasisin 3G na 2007 ma wannan lambar suke bugawa a ɓoye, an dai lulluɓe ta da maɓalli ɗaya.

Sai rikici ya mayar da mu baya. A Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, aka rufe layukan salula na tsawon makonni. A Satumbar 2014 Boko Haram ta kama Michika, Mubi ta biyo a ƙarshen Oktoba. An ƙone turakun sadarwa, an karya gadar Kudzum. Sojoji sun ƙwato Michika a Janairun 2015, waɗanda suka fara komawa kuwa sai sun hau tudu suna ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita. A shekarar 2015 ɗin ce aka miƙa abin da ya rage na NITEL ga kamfanin NATCOM, wanda ya fito da ntel a 2016.

Yau saitin da muke karɓar kuɗi a kansa a da, waya ce ke yi wa kanta da zarar an saka mata SIM. Mai POS a kasuwar Michika bai taɓa jin 680 ba, amma ya san ranar da turke ya rasa man janareta ciniki ya tsaya. Ku matasan da ke gyaran waya yanzu, kafin ku kwance na'urar mutum ku fara duba ko akwai sabis, domin sau da yawa laifin ba nata ba ne.